Zan iya wanke kayana da kaina a jirgin ruwan yawon shaƙatawa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malama. Ni da maigidana da yaranmu biyu, babban shekararsa huɗu, ƙaramar kuma ba ta cika biyu ba, za mu yi tafiyar mako biyu a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Rum. Sai mun hau jirgin sama kafin mu isa tashar, kuma nauyin kayan da aka yarda mana ba zai ɗauki tufafin kwana goma sha huɗu ba, ballantana na yara masu ɓata kaya sau biyu ko uku a yini. Shin zan iya yin wankina da kaina a cikin jirgin? Akwai wurin shanya? Zan iya tafiya da ƙaramin dutsen guga? An kuma ce mini wankin da jirgi ke yi wa mutane yana da tsada sosai."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Idan na fahimce ki da kyau, abubuwa huɗu ne ke damun ki: ko an yarda fasinja ya yi wankinsa da kansa, ina zai shanya idan ya wanke, yaya za a yi da guga, sannan ko wankin da jirgi ke yi ya cancanci kuɗin da ake karɓa. Na yi shekaru ina aiki a sashen kula da ɗakunan fasinjoji na irin waɗannan jirage, na fara da gyaran ɗaki har na zama mai duba aikin masu gyara, saboda haka na shiga ɗakunan iyalai da yawa irin naku, na ga dabarar da ta yi amfani, na kuma ga wadda ta bar mutane da tulin jiƙaƙƙun kaya a ranar sauka.

Za ki iya yin wankinki, ba wanda zai hana ki, kuma masu ƙananan yara da yawa haka suke yi. Sai dai ina so ki sauya inda kika ɗora damuwarki. A teku, wanke riga aikin minti biyar ne, amma bushewarta kan ci kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma sai ta yi wari kafin ta bushe. Duk abin da zan faɗa miki game da irin tufafin da za ki ɗauka, da yawan abin da za ki wanke a lokaci guda, da ranar da za ki daina wanki, daga wannan matsala ta bushewa ya samo asali.

Abin da za ki bincika kafin ki haɗa akwati

Ba kowane jirgi ne ke da ɗakin wankin fasinjoji ba, kuma kamfanonin sun rabu gida biyu a kan wannan. Princess da Disney da Cunard da jiragen teku na Viking suna da ɗakunan da fasinja ke shiga ya zuba kayansa a injin wanki, ya mayar da su injin busarwa, ya goge su a teburin gugar da ke wurin, haka ma yawancin jiragen Carnival. A Cunard da Viking kyauta ne har da sabulun, a sauran kuwa ana cirar kuɗin kowane zagaye na wanki da kowane zagaye na busarwa, galibi ta katin da kike buɗe ɗaki da shi. Royal Caribbean da Norwegian da Celebrity da MSC ba su tanadi irin wannan ɗaki ba, don haka fasinjansu ko dai ya ba ma'aikata su wanke masa ya biya, ko ya yi wankin hannu a banɗakinsa. Wannan ya shafe ki kai tsaye, domin MSC na cikin kamfanonin da suka fi yawan jirage a Bahar Rum.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Wurin da ɗakin wanki ya cinye wuri ne da za a iya yin ɗakin kwana a sayar da shi kowane mako, injin busarwa kuma abu ne da masu kula da tsaron jirgi ba sa son barinsa a hannun wanda ba ma'aikaci ba, ga shi kuma wankin da jirgi ke yi wa fasinjoji hanyar samun kuɗi ce. Kamfanonin da suka saba da doguwar tafiya sun fi riƙe ɗakunan wanki, domin wanda zai yi wata guda a teku ba zai yarda ya biya kuɗin wankin kowace safa ba. Ki yi bincikenki da sunan jirgin da za ku hau, kada ki tsaya a sunan kamfani kawai, domin ana samun kamfani ɗaya da tsohon jirginsa ke da ɗakin wanki, sabon kuma babu. Taswirar hawa-hawan jirgin tana shafin kamfanin a intanet, kuma idan akwai ɗakin wanki za ki gan shi a jikinta, a tsakanin ɗakunan kwana.

Me ya sa kaya ba sa son bushewa a teku

Ɗakin fasinja na gama-gari ƙarami ne, galibi murabba'in mita 15 zuwa 18 har da banɗaki, kuma a rufe yake ruf. Tagar ba ta buɗuwa, ɗakunan ciki ma ba su da tagar. Jiƙaƙƙen tufa yana bushewa ne idan iskar da ke kewaye da shi tana da sararin ɗaukar ƙarin ruwa, kuma tana motsi tana tafiya da abin da ta ɗauka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya ɓace, rigar za ta kwana ta yini tana nan yadda kika bar ta.

A yawancin jirage za ki tarar da 'yar siririyar igiya a wurin wanka, wadda ake jawowa daga bango a maƙala ta a ɗaya bangon. Kusan kowa a nan yake shanya, kuma a nan ne kuskuren yake. Banɗaki shi ne wurin da ya fi ko'ina laima a ɗakin, musamman bayan mutum huɗu sun yi wanka da ruwan zafi an rufe ƙofa. An yi igiyar ne domin kayan ninkaya biyu ko uku, kuma amfaninta a wurinki shi ne kaya su gama ɗiga a kanta na awa ɗaya ko biyu. Da zarar sun daina ɗiga, ki fito da su cikin ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki, bayan sanyaya iska, tana tatse ruwan da ke cikinta, saboda haka busasshiyar iskar da za ki samu a duk jirgin ita ce wadda ke saukowa daga kafar da ke rufin ɗakinku. Rigar da ta kwana a banɗaki ta tashi da danshi, idan aka rataye irinta kusa da wannan kafa, sau da yawa kafin gari ya waye ta bushe.

Masu ɗaki mai baranda kan ɗauka sun huta, tunda ga rana ga iska. Zan zo kan dalilin da ya sa aka hana shanya a baranda, amma ko da ba a hana ba, iskar teku cike take da laima da ƙananan ɗigon ruwan gishiri. Gishiri yana jawo ruwa daga iska ya riƙe, shi ya sa duk tufan da ya taɓa ruwan teku, idan ba a ɗauraye shi da ruwan famfo ba, kullum za ki ji shi da ɗan sanyi da danƙo ko da ya kwana uku a rataye. Barin ƙofar baranda a buɗe domin iska ta shigo ma ɓata aiki yake yi, domin a jirage da yawa buɗe ƙofar yana kashe na'urar sanyaya ɗakin, sai ki rasa busasshiyar iska ki shigo da mai laima.

Sai kuma irin yadin. Auduga mai kauri tana shan ruwa ta riƙe, don haka wandon jins, rigar sanyi mai nauyi da safa mai kauri ba kayan wankin hannu ba ne a jirgi, ko kaɗan kada ki gwada. Yadin roba irin su foliyesta da nailan, da ulu marar kauri, da siririyar auduga ta kayan yara, su ne ke bushewa a dare ɗaya. Idan za ki duba ko abu ya bushe, ki taɓa ƙugun wando, da aljihu, da wuyan riga, da inda ɗinki ya ruɓanya, domin nan ne danshi ke ɓuya. Wannan yana da muhimmanci saboda warin da kaya ke yi ƙwayoyin cuta ne ke hayayyafa a cikin danshi, kuma tufan da ya wuce yini da kwana bai bushe ba yakan fara wannan wari, wanda ba ya fita sai an sake wanki.

Yadda ake wankin hannu a ɗaki

Ƙa'idar da nake ba kowace uwa ita ce ta wanke kaɗan kullum, kada ta tara. Guda biyar ko shida na ƙananan kaya kowane dare, wato kamfai, singileti, safa marar kauri da rigunan yara, ɗaki zai iya busar da su. Idan kika tara na kwana huɗu kika wanke su gaba ɗaya, ruwan da ke cikinsu zai cika iskar ɗakin, kowace riga ta hana 'yar'uwarta bushewa.

Kwamin wanke hannu na jirgi ƙarami ne, kuma abin toshe shi ba ya cika riƙe ruwa. Ki taho da faffaɗan abin toshe kwami na roba, ko jakar leda mai ƙwari mai zif, wadda za ki zuba ruwa da sabulu da kaya a ciki, ki rufe, ki jijjiga. Jakar ta fi mini kwami idan teku na tashi, domin ruwa ba ya fantsama a ƙasa mutum ya zame. Ki bar kayan su jiƙa na minti goma zuwa sha biyar, ki cuɗa wuya da hammata da inda abinci ya zuba, sannan ki ɗauraye sau biyu da kan shawa.

Ki rage sabulu sosai, rabin abin da kika saba zubawa ko ƙasa da haka. Yawancin ruwan da jirgi ke amfani da shi daga teku yake samar da shi, ko dai ta hanyar tururar da shi da zafin injuna, ko ta hanyar matsa shi ya bi ta matata mai tace gishiri. Ruwan da ke fitowa ba shi da yawan ma'adinai, saboda haka ɗan sabulu kaɗan ke tayar da kumfa mai yawa, kuma ɗauraya sai ta yi wuya. Sabulun da ya rage a jikin yadi kan sa fatar ƙaramin yaro ƙaiƙayi. Game da irin sabulun, garin omo kaɗan a cikin leda mai zif, ko sabulun wanki na sanda, ko irin wanda ake yi falle-falle kamar takarda, sun fi sauƙin ɗauka. Na ruwa yakan zube a akwati, kuma a jakar hannu yawancin filayen jiragen sama ba sa barin kwalbar da ta wuce mililita 100. Ƙullin sabulun nan da ake jefawa a inji kuwa laima na sa su manne da juna su fashe, kuma launinsu yana jan hankalin yara, don haka da 'yar shekara biyu a ɗaki ba na son su.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na tawul. Bayan kin matse kaya da hannu ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa busasshen tawul, ki jera su a kai, ki naɗe kamar tabarma, ki taka naɗin da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan. Idan kika warware za ki ga tawul ɗin ya jiƙe sharkaf, kayan kuma sun daina ɗiga. Wannan kaɗai yana rage lokacin bushewa sosai. Kada ki ji nauyin roƙon ƙarin tawul biyu daga mai kula da ɗakinku, domin abu ne da muke bayarwa kullum, kuma ya fi mana sauƙi a kan busar da kafet ɗin da ruwa ya ɗiga a kai. Ki gaya masa tun ranar farko cewa za ki riƙa shanya a ɗaki, ya ƙaro miki hanga, kuma ya bar kayan inda ya gan su.

Bango da rufin yawancin ɗakunan jirgi ƙarfe ne da aka lulluɓe, don haka maƙalai masu maganaɗisu suna kamawa. Guda huɗu ko shida sun ishe ki. Sun fi ƙarfi idan aka manna su a rufi, domin a jikin bango nauyi kaɗan ke sa su sulalo. Ki rataye kowace riga a hangarta, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsu. Ki sayi manyan maƙalai, ki ajiye su inda hannun ƙaramar ba zai kai ba, domin haɗiye maganaɗisu mai ƙarfi haɗari ne babba ga yaro, haka kuma duk igiyar da za ki ɗaura ta kasance sama da kan yara sosai.

Akwai wani abu da na sha gani a ɗakunan masu jarirai. Masai na jirgi da ƙarfin zuƙar iska yake aiki, bututunsa kuma siriri ne. Uwa ta tsaya tana ɗauraye wandon yaro a kan masai, ya kuɓuce mata, wani ya danna, shi ke nan an toshe layin da ɗakuna da dama ke amfani da shi. Ki share ƙazantar da takardar banɗakin da jirgi ya ajiye, ki jefa takardar kaɗai a masai, ki wanke wandon a jakar leda. Ƙyallen goge jarirai da kunzugu kuwa kwandon shara ne wurinsu.

Guga, baranda da maganar gobara

Dutsen guga ki bar shi a gida. Kusan duk kamfanonin sun hana shiga da shi, haka ma na'urar nan mai fesa tururi. Ana haska kowane akwati a ranar hawa, idan aka gani sai a riƙe akwatin, a kira ki ki buɗe, a karɓe dutsen sai ranar sauka. Wasu fasinjoji kan ɗauki wannan a matsayin dabarar tilasta musu biyan kuɗin guga, ni kuwa da na yi atisayen kashe gobara a jirgi ba na ganinsa haka. Jirgi yana motsi, dutse mai zafi yana iya faɗuwa kan kafet ko gado, kuma idan wuta ta tashi a tsakiyar teku babu motar kashe gobara da za ta zo, mutum dubu uku ko fiye kuma ba su da inda za su gudu.

A watan Maris na 2006 gobara ta tashi cikin dare a jirgin Star Princess yana kan hanyarsa daga tsibirin Grand Cayman zuwa Jamaika. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya ta gano cewa wutar ta fara ne a barandar wani ɗaki, mai yiwuwa daga guntun tabar da aka jefar ya faɗa kan abin da ke iya kamawa, iska ta hura ta, ta bi barandu ta ƙone ɗakuna masu yawa, fasinja ɗaya ya rasu. Bayan wannan ne aka tsaurara ƙa'idojin yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku game da barandu. Idan mai kula da ɗaki ya kwashe kayan da kika shanya a kujerar baranda ya shigo da su, wannan tarihi ne a bayan abin da ya yi. Ga kuma iska, wadda ke ɗauke riga cikin ƙiftawar ido idan jirgi na tafiya, alhali yarjejeniyar MARPOL ta kare teku daga gurɓata ta hana zubar da duk wani abu na roba a cikinsa, kuma yadin foliyesta roba ne.

A rufin ɗaki za ki ga wani ɗan ƙarfe da ya leƙo, sau da yawa da alamar hanga da aka ja wa layi a kusa da shi. Bakin fesa ruwan kashe gobara ne. A cikinsa akwai siririn gilashi mai ruwa wanda aka yi shi ya fashe idan zafi ya kai wajen digiri 57 zuwa 68, kuma ƙugiyar hanga ma tana iya fasa shi. Na taɓa shiga ɗakin da hakan ta faru saboda rigar biki guda ɗaya: katifa, kafet, akwatuna da takardun tafiya duk sun jiƙe, ruwa ya gangara har ɗakin da ke ƙasa. Kada ki rataye komai a jikinsa, kada ki yafa tufa a kan fitila, kuma idan kika ɗauki na'urar busar da gashi domin ƙarasa ƙugun wando, ta kasance a hannunki har ki kashe ta.

Yamutsewar kaya tana da magani ba tare da dutse ba. Ki girgiza riga da ƙarfi tun tana da danshi, ki miƙar da ɗinkinta da hannu kafin ki rataye, yawancin yadi marar kauri zai bushe a miƙe. Wadda ta yamutse a akwati, ki rataye ta a banɗaki lokacin da wani ke wanka da ruwan zafi, tururin zai sassauta ta. Jiragen da ke da ɗakin wanki suna da dutsen guga a can mai kashe kansa, wasu kamfanonin kuma kan ara wa fasinja nasu dutsen na ɗan lokaci idan ya tambaya. Kayan da za ku sa a daren da ake cin ado kuwa, ki bayar a goge muku kawai, kuɗin guga bai kai na wanki da guga ba.

Idan jirginku yana da ɗakin wanki

To kin samu sauƙi, wanki biyu a duk tafiyar sun ishe ku, sai dai ki san lokacin zuwa. Injunan kaɗan ne, sau da yawa biyu zuwa huɗu a ɗaki ɗaya, ga ɗaruruwan fasinjoji. Ranar da jirgi ya yini a teku kowa tunaninsa ɗaya, layi kan kai har waje, ranar ƙarshe ta teku kuma ta fi kowace cunkoso. Lokaci mafi kyau shi ne ranar da jirgi ya tsaya a tasha mutane suka fita yawo, ko da sassafe, ko lokacin cin abincin dare. Wanki kan ɗauki minti 30 zuwa 45, busarwa kuma kusan awa ɗaya.

Kafin ki zuba kaya ki leƙa cikin injin, ki juya shi da hannu, domin jar safa guda da wani ya manta ta isa ta ɓata fararen kaya. Ki cire burbushin zaren da ya taru a matatar injin busarwa, yana hana bushewa kuma yana iya kama wuta. Injunan busarwa na jirgi suna da zafi, don haka ki zaɓi matsakaicin zafi, kayan ninkaya da duk abin da ke da roba mai miƙewa kuma kada su shiga ciki. Ki saita ƙararrawa ta ƙirga mintoci a wayarki maimakon dogara da agogonta, domin waya kan sauya lokaci da kanta idan jirgi ya matso wata ƙasa, kuma ki dawo minti biyar kafin injin ya tsaya. Yawancin rigimar da aka kira ni in raba a ɗakin wanki a kan wannan ce: wani ya bar kayansa awa biyu, wani ya gaji da jira ya kwashe su ya ɗora a kan inji. Idan ke ce mai jira, ki ba mai kaya kamar minti goma, sannan ki ajiye masa su a wuri mai tsabta.

Wankin da jirgi ke yi, da inda ya dace ki biya

Gaskiya aka gaya miki, yana da tsada idan aka bi lissafin ɗai-ɗai, domin ana cajin kowane tufa ne, kuma 'yar rigar jaririya ba ta cika yin arha daidai da ƙanƙantarta ba. Amma kamfanoni da yawa, musamman waɗanda ba su da ɗakin wanki, suna kawo tayi a tsakiyar tafiya: a ba ki jaka, ki cika ta iya cikarta, a wanke a ninke a kan kuɗi guda. Ki tambayi mai kula da ɗaki tun ranar farko ko akwai wannan tayi da ranar da ake yin sa. Idan kika naɗe kaya ɗaya bayan ɗaya maimakon cusa su, jakar za ta ɗauki fiye da yadda kike zato.

Ki san yadda ake wankin kafin ki zaɓi abin da za ki bayar. Sashen wanki da guga yana can ƙasan jirgi, yana aiki dare da rana a kan dubban zannuwan gado da tawul, injunansa manya ne, zafinsu kuma mai yawa. Ana manna wa kowane tufa 'yar alama mai lambar da za a gane mai shi. Jins, wandunan maigida, kayan barci da rigunan auduga masu ƙwari za su dawo lafiya. Siliki, ulu, yadi mai zuba, da duk abin da ke da ado na duwatsu ko ɗinki mai laushi, kada ki sa su a jakar. Ki lalube aljihuna, ki ƙirga kaya, ki rubuta adadin a takardar da ke tare da jakar, ki ɗauki hotonta. Yawanci kaya kan dawo washegari da yamma ko bayan kwana biyu, na gaggawa yana da ƙarin kuɗi, kuma ana daina karɓar wanki idan sauka ta kusa. A ganina, biyan kuɗin jaka ɗaya domin manyan kaya kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace, domin kin fita ne ki huta, kuma waɗannan su ne kayan da ɗaki ba zai iya busarwa ba. Akwai shagunan wanki na inji a garuruwan da ake tsayawa, amma ba na ba mai ƙananan yara shawarar su, tunda ana son kowa ya dawo jirgi galibi minti 30 kafin tashi, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara.

Wuri ɗaya ne zan ce kada ki yi wanki da kanki ko kaɗan. Idan yaro ya kamu da amai ko gudawa, ki kira asibitin jirgi nan take, ki ɗaure kayan da suka ɓaci a leda, ki sanar da mai kula da ɗaki. Ƙwayar norobairos, wadda ta fi yawan jawo irin wannan ciwo a wuraren cunkoso, tana yaɗuwa da sauri, ruwan ɗumi a kwami ba ya kashe ta, man goge hannu mai sinadarin barasa ma bai cika yi mata komai ba, sai wanke hannu da sabulu da ruwa. Ma'aikata suna da jaka ta musamman da wanki mai zafi domin irin waɗannan kaya. Kai su ɗakin wankin jama'a kuwa ɗora wa wasu iyalai ciwon ne.

Idan ni ce a matsayinki

Zan ɗauki kayan kwana biyar ko shida ga manya, na kwana bakwai ga yara tunda nasu ba su da nauyi, mafi yawansu marasa kauri, masu launin da za a iya haɗawa a wanki ɗaya. A akwatin kilo 23 wannan zai bar miki sarari. Zan ƙara sabulu kaɗan, jakar leda mai zif, maƙalan maganaɗisu, 'yan maƙalan shanya da jakar zuba kaya masu datti. Kowane dare bayan wankan yara zan wanke ƙananan kayan ranar, tabon abinci kuma zan ɗauraye shi da ruwan sanyi nan take kafin ya zauna. Wajen kwana na biyar da na goma zan kai manyan kaya ɗakin wanki, idan babu shi kuma in bayar da jaka.

Abin da na faɗa daga manyan jiragen teku ne, ƙananan jiragen kogi tsarinsu daban ne. Kamfanoni kuma suna sauya dokoki da farashi lokaci zuwa lokaci, saboda haka abin da ke rubuce a takardun tafiyarku shi ne abin bi idan ya saɓa da nawa. Idan ɗaya daga cikin yaran yana da matsalar fata, zaɓin sabulu na likitansa ne, ki taho da wanda ya amince da shi, ki wanke kayan wannan yaron da hannunki, domin sashen wanki na jirgi da nasa sabulun yake aiki.

Ki tsayar da wankin hannu dare biyu kafin sauka. A daren ƙarshe ake fitar da akwatuna a ajiye a bakin ƙofa ma'aikata su kwashe, ba za ki sake ganinsu ba sai a tasha, don haka duk abin da bai bushe ba a lokacin zai kwana a rufe, ya bi ku har jirgin sama. Idan an samu wanda ya rage da danshi, ki sa shi a ledarsa daban ki fito da shi da zarar kun isa masauki. Kafin ki rufe akwatunan kuma, ki ware wa kowa kayan da zai sa da safe har da takalma, ki ƙara wa yaran canji ɗaya a jakar hannu.